Bod Ya Ƙone, Lasisi Ya Bi Shi: Abin Da Ke Faruwa Da Windows Idan An Sauya Madabod

Kwamfuta ta mutu, an kai ta wurin mai gyara, ya kwance ta ya duba ya ce bod ne ya ƙone. Wannan magana ce ta yau da kullum a shagunan gyaran kwamfuta na Kano da Kaduna da Abuja, musamman inda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta, ko inda ake fama da janareta da caja marar kyau. Sai a yi ciniki, a nemo wani bod ɗin a ɗaura, na'ura ta tashi. Bayan an koma gida sai wani rubutu mai dishi-dishi ya bayyana a kusurwar dama ta ƙasan allo, yana neman a kunna lasisin Windows. Mai kwamfuta ya dawo da faɗa, yana ganin an cire masa orijina an sa masa jabu. Mai gyara kuwa ya rantse bai taɓa faifan ajiya ba, ballantana ya yi mata fomatin. Sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa. Lasisin yana jikin bod ɗin da aka cire ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya wa mai kwamfutar haka ranar da ya saye ta.

Madabod, wanda ake taƙaitawa da bod, shi ne babban allon nan da komai na cikin kwamfuta ke maƙale a jikinsa: firosesa da ram da faifan ajiya da katin hoto da kafofin da ake soka kebul. A wurin kamfanin Microsoft, wanda hedikwatarsa ke Redmond a jihar Washington ta Amurka, wannan allon shi ne kwamfutar. Lamarin kamar takardun mota ne da ke bin lambar shasi: sauya taya, sauya inji, sake fenti, motar dai ita ce, amma ranar da aka sauya shasi, wata motar ce daban a idon hukuma. Kana iya ƙara ram, ka cire tsohon faifai ka sa SSD, ka sauya katin hoto, Windows ba zai ce maka uffan ba. Da zarar ka taɓa bod, lissafi ya canja.

Ba Windows ka saya ba, izinin amfani da shi ka saya

Wanda ya biya kuɗin Windows bai mallaki manhajar ba. Abin da aka ba shi izini ne na amfani da kwafi ɗaya a kan na'ura ɗaya bisa wasu sharuɗɗa, waɗanda ke cikin doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke danna amincewa da ita ba tare da ya karanta ba. Shi kuma izinin ba iri ɗaya ba ne, kuma daga nan rigimar take farawa.

Mafi yawan kwamfutocin duniya suna ɗauke da irin lasisin da ake kira OEM. Shi ne wanda kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo ke saya da yawa a farashi mai rahusa, su ɗora a kan na'ura tun daga masana'anta. Sharaɗinsa shi ne yana tare da na'urar da aka fara ɗora shi a kanta har ƙarshen rayuwarta. Idan ka sayar da kwamfutar, lasisin ya bi ta zuwa hannun sabon mai ita. Idan ta mutu, ya mutu tare da ita. Ba ka da ikon ɗauke shi ka kai wata na'urar. Kuma a ƙa'idar da Microsoft ya daɗe yana bai wa masu haɗa kwamfuta, sauya bod don neman ƙarin ƙarfi ko sauri daidai yake da haɗa sabuwar kwamfuta, sabuwa kuwa sabon lasisi take bukata.

An bar ƙofa ɗaya a buɗe. Idan lalacewa bod ɗin ya yi, aka maye gurbinsa da irinsa sak, ko da wanda kamfanin da ya ƙera na'urar ya ce shi ne madadinsa, to gyara aka yi, lasisin yana nan daram. Manyan kamfanoni idan suka sauya wa mutum bod a cikin wa'adin garanti sukan haɗo shi da mabuɗin Windows. Sai dai mutum nawa ne a cikinmu ke da garantin da zai kai kwamfutarsa gare su?

Iri na biyu shi ne wanda mutum ke saya shi kaɗai, daga shagon Microsoft na intanet ko daga dillalin da aka amince da shi. A Amurka ana sayar da Windows 11 Home a kan dala 139, Pro kuma kusan dala 200. Tsadarsa tana da dalili: wannan lasisin na mutum ne, ba na na'ura ba. Ka sauya bod, ka haɗa sabuwar kwamfuta, kana da damar tafiya da shi, muddin ka cire shi daga tsohuwar, domin ba a yarda ya yi aiki a na'ura biyu lokaci guda ba. Ko wannan 'yancin ma an taɓa yunƙurin rage shi. A shekarar 2006, gab da fitowar Windows Vista, kamfanin ya rubuta cewa sau ɗaya tak za a iya mayar da lasisin zuwa wata na'ura. Masu haɗa kwamfuta da hannunsu suka yi ca a kansa, kafin shekarar ta ƙare ya janye.

Na uku shi ne lasisin da ma'aikatu da jami'o'i da bankuna ke saya a dunƙule. Na ma'aikatar ne, ba ya bin kwamfutar idan aka yi gwanjonta. Wani nau'insa ma sai na'urar ta riƙa tuntuɓar sabar ma'aikatar, idan ta kwana 180 ba ta same ta ba, lasisin ya faɗi. Shi ya sa wani zai sayi kwamfuta ta hannu da Windows ɗinta lafiya lau, bayan wasu watanni rubutun nan ya fito ba tare da ya taɓa ko sukurun ɗaya ba.

Yadda aka kai ga ɗaure lasisi a jikin ƙarfe

Kafin shekarar 2001 babu wannan damuwar. Faifai ɗaya da mabuɗi ɗaya sukan zagaye unguwa guda, babu mai tambaya. Windows XP ne ya zo da tsarin tabbatar da lasisi: manhajar takan duba sassa 10 na na'ura, ciki har da firosesa da katin sadarwa da faifan ajiya da yawan ram, ta haɗa wata lamba daga cikinsu ta aika wa kamfanin. Wanda bai tabbatar ba cikin kwana 30 sai a rufe masa ƙofa. Idan sassan da suka canja sun yi yawa, sai a nemi ya sake tabbatarwa. Da yake tun lokacin an fara haɗe katin sadarwa da wasu sassan a jikin bod, sauya bod ɗaya yakan nuna kamar an sauya rabin kwamfutar.

A zamanin XP da Vista da Windows 7, shaidar lasisi ita ce sitikar nan mai walƙiya da ake mannawa a ƙarƙashin laftof ko a gefen akwatin kwamfutar tebur, ɗauke da haruffa da lambobi 25 a rukuni biyar. Masu sayen kwamfuta ta hannu sun san ta, sun kuma san yadda zafi da gumi ke goge ta. Da Windows 8 ya fito a watan Oktoba na 2012 sai aka daina buga mabuɗin a sitika. Aka koma rubuta shi a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin bod ɗin kansa. Tun daga nan batun ya wuce ƙa'idar da ke kan takarda. Mabuɗin yana cikin allon, inda allon ya tafi nan ya tafi.

Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yuli, 2015, ya zo da abin da ake kira lasisin dijital. Sabar Microsoft takan ajiye lambar shaidar na'urarka, duk lokacin da ka yi fomatin ka hau intanet sai ta gane ta, ta kunna lasisi ba tare da ka rubuta komai ba. Sauƙi ne babba, amma lambar shaidar daga bod ake samo mafi yawanta. Da koke ya yi yawa, a watan Agusta na 2016 kamfanin ya ƙara wata hanya: mutum ya haɗa lasisinsa da asusunsa na Microsoft, ta yadda idan ya sauya bod zai shiga sashen kunna lasisi a cikin saituna, ya buɗe manhajar warware matsala, ya zaɓi layin da ke cewa ya sauya kayan na'urar kwanan nan, ya nuna tsohuwar na'urar a jerin da za a kawo masa. Wannan hanyar tana aiki ne kawai idan an haɗa asusun tun kafin a kwance kwamfutar, kuma idan Windows ɗin da ke kai iri ɗaya ne da na lasisin. Lasisin Home ba ya kunna Pro. Akwai kuma iyaka ga yawan lokutan da za a sake kunnawa.

A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Wani lokaci mai lasisin OEM yakan bi wannan hanyar bayan ya sa bod na daban, kuma Windows ya kunnu. Wannan bai sauya ƙa'ida ba. Yarjejeniyar da kanta ta bayyana cewa kunnuwar manhaja ba shaida ba ce ta cewa lasisin halal ne. Ga mai kwamfuta ɗaya a ɗakinsa, bambancin ba zai taɓa damunsa ba. Ga makaranta ko cibiyar jarrabawar JAMB mai ɗaruruwan kwamfutoci, ko kamfanin da za a iya binciken kayansa, bambancin kuɗi ne masu yawa.

Abin da ya sa maganar ta taso yanzu

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin shekara guda na gyaran tsaro da ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane, wanda farashinsa dala 30 ne ga wanda bai bi hanyoyin samunsa kyauta ba. Windows 11 kuwa, tun fitowarsa a Oktoban 2021, yana da sharuɗɗa masu tsauri: sai na'ura tana da sashen tsaro na TPM 2.0, kuma firosesarta ta kai zubi na 8 idan ta Intel ce, ko jerin Ryzen 2000 zuwa sama idan ta AMD ce, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Kwamfutoci masu Core i5 zubi na 4 da na 6 da na 7, waɗanda suka cika kasuwanninmu kuma suke aiki garau, duk an bar su a baya.

Mai kwamfutar tebur zai ce to bari ya sauya firosesa kawai. Idan ta Intel ce ba zai yiwu ba, domin bod ɗin zubi na 6 da na 7 ba ya karɓar zubi na 8, duk da ramin da ake dasa su iri ɗaya ne a ido. Dole a sauya bod. Idan lasisinsa na OEM ne, ga kuɗin bod, ga na firosesa, ga kuma na sabon Windows. Kamfanin da ya ce na'urarka ta tsufa shi ne kuma zai karɓi kuɗin sabon lasisi idan ka sabunta ta. Masu bod ɗin AMD mai ramin AM4, wanda ya fito a 2016, su ne suka tsira, don da yawansu sabunta BIOS kawai za su yi su dasa sabuwar firosesa a kan tsohon allon, lasisinsu bai motsa ba.

Akwai kuma tarkon da ya kama waɗanda suka hau Windows 10 kyauta daga Windows 7 ko 8. A hukumance tayin shekara ɗaya ne, ya ƙare a Yulin 2016, amma tsofaffin mabuɗan sun ci gaba da aiki har zuwa Satumban 2023 da kamfanin ya toshe hanyar. Wanda ya riga ya hau yana nan da lasisinsa. Amma ranar da bod ɗinsa ya ƙone, ya ɗauko mabuɗin da ke kan tsohuwar sitika, ba zai karɓu ba. Idan bai haɗa lasisin da asusu ba tun farko, shi ke nan.

Bod na hannu da abin da yake zuwa da shi

Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga cikinsa, wanda aka fitar a 2018, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne suka riƙa shigowa Nijeriya a kowace shekara a 2015 da 2016, akasari daga tashoshin jiragen ruwan Turai. Daga Legas, ta Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba, suke bazuwa zuwa arewa. Daga cikin waɗannan kaya ne mai gyara ke samo bod: laftof ɗin da allonta ya fashe ko jikinta ya karye, a ciro cikinta a sa wa wata.

Irin wannan bod ɗin ba ya zuwa hannu rabbana. Idan daga zamanin Windows 8 zuwa yau aka ƙera shi, akwai mabuɗin tsohuwar na'urar a cikinsa. Wani lokaci hakan alheri ne, Windows ya kunnu da kansa. Wani lokaci kuma mai Pro ya tarar da kansa a Home bayan fomatin, saboda manhajar ɗorawa ta karanta mabuɗin da ke cikin allon ta bi shi. Mafi ciwo shi ne bod ɗin da ya fito daga wani kamfani na Turai ko Amurka da ya yi masa rajista a tsarin Windows Autopilot kuma bai cire shi ba kafin ya zubar da shi. Ana gama fomatin, a haɗa da intanet, sai shafin shiga na wannan kamfanin ya bayyana yana neman adireshin imel na ma'aikacinsa. Wanda ke da ikon goge rajistar yana wata ƙasa, bai ma san da zamanka ba.

Asarar lasisi ma mai sauƙi ce idan aka kwatanta da asarar bayanai. Windows 10 da 11 da ba a kunna ba suna ci gaba da aiki, rubutun nan ne kawai a kusurwa da kuma hana sauya hoton bango da launuka. Amma idan faifan yana kulle da BitLocker, mabuɗin kullen yana ajiye ne a cikin TPM na tsohon bod. Aka sauya shi, sai shuɗin allo ya tare ka yana neman lambobi 48 na ceto. Kwamfutoci da yawa sukan kulle faifansu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai sani ba. Lambobin suna cikin wannan asusun. To idan yaron shago ne ya buɗe maka asusun ranar da ka sayi na'urar, da imel ɗin da ba ka san sirrinsa ba, kundin digirinka ko lissafin kasuwancinka na shekaru ya tafi, kuma Microsoft da kansa ba shi da hanyar buɗe maka. Mai gyaran da ya cire bod bai tambayi mai kaya game da wannan ba, bai cika aikinsa ba.

Shin ƙa'idar adalci ce?

Hujjar kamfanin ita ce lasisin OEM an sayar da shi da rahusa ne bisa sharaɗin zai tsaya a na'ura ɗaya, kuma wanda ya ƙera na'urar shi ke da alhakin tallafa wa mai ita, don haka ba za a ɗora masa nauyin kwamfutar da aka sauya mata ciki ba. Hujja ce mai ma'ana, kuma dole a ja layi a wani wuri, in ba haka ba lasisi ɗaya zai yi ta yawo har abada.

Amma ba ko'ina aka karɓe ta ba. Tun a watan Yuli na 2000 babbar kotun tarayya ta Jamus ta yanke cewa Microsoft ba zai iya amfani da haƙƙin mallaka ya hana dillali sayar da manhajar OEM ita kaɗai ba tare da kwamfuta ba. Ranar 3 ga Yuli, 2012 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta ce wanda ya sayi lasisin manhaja na dindindin yana da ikon sayar da shi ga wani, muddin ya daina amfani da nasa kwafin. Har yau sashen yarjejeniyar Windows da ke magana kan mayar da lasisi yana ɗauke da togaciya cewa bai shafi wanda ya saya a Jamus ba. A Amurka kuwa akasin haka aka samu: a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Vernor da Autodesk, ta tsaya a kan cewa mai lasisi ba mai kaya ba ne, ba shi da ikon sayarwa idan yarjejeniya ta hana. Manhaja ɗaya, kuɗi ɗaya, amma haƙƙin mai saye ya danganta da ƙarfin kotun ƙasarsa.

A ganina ƙa'idar ta fi cutar da wanda ya fi kowa bukatar sauƙi. Mai kuɗi idan kwamfutarsa ta tsufa yakan sayi sabuwa da sabon lasisi a ciki, bai ma san ya biya ba. Mai gyara tasa, wanda ke hana ta zama shara, shi ake cewa ya sake biya. Togaciyar bod iri ɗaya sak an rubuta ta ne da tunanin mutumin da ke da garanti da ofishin kamfani a garinsu, ba wanda zai karɓi duk allon da aka samu a kasuwa ba. Dala 139 kuma ta kusa ko ta fi kuɗin laftof ta hannu gaba ɗayanta. Ba abin mamaki ba ne da binciken ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA na 2018 ya ce kusan kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Nijeriya ba su da lasisi.

Wannan bai sa na yarda da mafitar da ta zama ruwan dare ba. Mabuɗan da ake tallatawa a intanet a kan 'yan dubban naira galibi na ma'aikatu ne da aka karkatar, ko mabuɗi ɗaya da aka sayar wa mutane da yawa. Yau ya kunnu, gobe a toshe shi. Araha ba ta ado. Su kuma manhajojin fasa lasisi da ake yawo da su a filash, sharaɗinsu na farko shi ne ka kashe manhajar tsaro. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya nuna yadda aka cusa manhajar satar bayanai ta Cryptbot a cikin kwafin bogi na manhajar fasa lasisi ta KMSPico, tana kwashe kalmomin sirri da bayanan kuɗi. Wanda ke shiga asusun bankinsa da irin wannan kwamfutar ya san abin da ya jingina. Ga wanda aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da hawa intanet ba, Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne, halal ne, suna tafiya a kan tsofaffin na'urori, kuma ba ruwansu da sau nawa ka sauya bod.

Wanda kuma aikinsa sai da Windows, abin da zai yi kafin a ɗauki sukundireba ba ya cin minti goma. Ya buɗe tagar umarni ya rubuta slmgr /dli, zai ga ko lasisinsa OEM ne, ko RETAIL wanda ake iya tafiya da shi, ko VOLUME na ma'aikata. Ya duba sashen kunna lasisi ya tabbatar an rubuta cewa lasisin yana haɗe da asusunsa, asusun da shi da kansa ya san sirrinsa. Ya kwafe lambobi 48 na BitLocker a takarda, ya kwashe muhimman fayilolinsa zuwa wani wurin. Tun kwamfutar tana da rai ake yin wannan, don bod ba ya sanar da ranar da zai ƙone.

Ku kuma 'yan kasuwa da masu gyara, ku riƙa faɗa wa mai saye irin lasisin da ke kan na'urar da kuke miƙa masa, ku rubuta a rasit, ku bar shi ya buɗe asusunsa da hannunsa. Kafin ku cire masa bod, ku gaya masa abin da zai iya rasawa, ya yanke shawara da saninsa.